Ranar Farko a Kan Tabarmar Jiyu-jitsu: Tambayoyin da 'Yan Zango Suka Fi Yi Mini

Ni tela ne a Nima, nan cikin Ankara, kuma bana shekarata shida ina koyon jiyu-jitsu. Tun ranar da na fara shanya farar rigar wasan a igiyar bayan shago, tambaya ba ta yanke mini ba. Mai kawo ɗinki ya tambaya, yaran shago su tambaya, in na zauna shan ataya da daddare nan ma hirar ke nan. Har iyayenmu mata sukan tare ni a hanyar kasuwa su ce yaro ya dame su da maganar. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa wuri guda. Ni ba koci ba ne, ɗalibi ne da aka ɗora wa kula da sababbin shiga. Abin da idona ya gani da abin da jikina ya ɗanɗana, shi zan faɗa.

Yaya, wai mene ne jiyu-jitsun nan? Karate ne ko dambe?

Ba ko ɗaya. Babu naushi, babu shuri, babu karo da ka. Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne kokawa, amma akwai bambanci babba. A kokawar gargajiya, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kiɗa, a ɗaga hannun wanda ya yi kaye. A jiyu-jitsu kuwa kaye buɗe fage ne. A ƙasan ake aikin: ka danne mutum, ka hana shi motsi, ka kai shi inda ba shi da mafita sai miƙa wuya, ko dai ta shaƙa ko ta kulle masa gaɓa. Wanda ke ƙasa ma ba a ce an ci shi ba, don daga kwancen yana iya kifar da na sama ko ya kulle shi.

Asalin abin daga Japan ne. Jigoro Kano (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Dabo) ya tace tsofaffin dabarun faɗan mutanensu ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, wadda ta haifi judo. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Barazil a 1914, ya zauna a garin Belém, inda wani saurayi mai suna Carlos Gracie ya yi karatu a hannunsa. Carlos ya buɗe tasa makarantar a Rio de Janeiro a 1925. Shi da 'yan'uwansa, musamman ƙaninsa Hélio, suka mayar da hankali kan faɗan ƙasa har ya zama wasa mai zaman kansa. Duniya ba ta farga ba sai a Nuwamban 1993, a gasar UFC ta farko (gasar da ke haɗa masu salon faɗa daban-daban) a Denver ta Amurka, lokacin da Royce ɗan Hélio, mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, ya sa mutum uku suka miƙa wuya a dare ɗaya, na farkonsu ɗan boksin ne. Mu da muka tashi a garin da ya fitar da zakarun boksin irin su D.K. Poison da Azumah Nelson da Ike Quartey, labarin nan yana mana wuyar haɗiya. Ni ma sai da aka danne ni na yarda.

Ga tumbi, ga shekaru. Ko gadar sama ta Circle na hau sai na tsaya na huta. Ba gara in fara motsa jiki tukuna ba?

Baba, "tukuna" ɗin nan ta hana mutane da yawa zuwa har yau. Numfashin wasan nan a kan tabarma ake samun sa. Na ga samarin da ke buga ƙwallo minti casa'in a filin Kawukudi sun baje suna haki bayan minti uku, domin gajiyar ɗaukar nauyin mutum daban take da ta gudu. Kowa da haki yake farawa. Ka faɗa wa koci shekarunka da duk wani tsohon ciwo na gwiwa, baya ko wuya. In ka ji jiri ka koma gefe ka zauna, ba mai ce maka uffan.

Me zan sa, me zan riƙo?

Ranar farko kada ka sayi komai. Sa riga mai ɗan kama jiki da wando mai wuce gwiwa, marar aljihu, marar zif, marar maɓalli. Aljihu yakan kama yatsan abokin wasa ya karya, zif kuma yana yankan fata yana yaga tabarma. Riƙo silifa, tawul da ruwa mai yawa. Piya wata leda biyu ba za ta ishe ka ba a zafin Maris.

Abin cirewa ya fi abin sawa muhimmanci. Zobe, agogo, sarƙa, 'yan kunne, duk a jaka. Laya, kambu da guru ma haka, ko da kaka ce ta ɗaura maka. Zoben azurfan nan da muke so, in ya maƙale a rigar wani aka fizga, yana iya saɓule naman yatsa. Sannan ka yanke farce, na hannu da na ƙafa, ka goge kaifin. Yawancin jinin da nake gani a tabarma daga farce yake.

Rigar wasan ana ce mata gi. Auduga ce mai kauri, nauyin saƙarta yakan kama daga giram 350 zuwa 550 a kowane murabba'in mita, kwalarta kuma tauri gare ta kamar igiya, domin da ita ake riƙo, da ita ake shaƙa. Girmanta yakan fara daga A0 ya haura. Tana ƙanƙancewa in ta sha ruwan zafi, saboda haka wanki da ruwan sanyi. Ta karate ba ta yi, yadin siriri ne, riƙo biyu ta yage. Ta judo tana yi wa mai farawa duk da faɗin hannunta, kuma akan dace da ita a cikin gwanjon Kantamanto in mutum ya yi sammako. An sha cewa in ɗinka wa mutane. Wandon ina ɗinkawa, amma kwalar rigar ta fi ƙarfin keken shago, sai babban keke irin na masu ɗinkin tamfol. Akwai kuma darasin da ake yi ba gi, da riga mai ɗamewa da wando kawai. Shi ya fi santsi da sauri, don ba wurin riƙo.

To in na shiga, me za a yi daga farko har ƙarshe?

Isa da wuri, ko da minti goma sha biyar, ka gaisa da koci ka ce yau ka fara. Doka ta farko muna da irinta a masallaci: takalmi ba ya hawa tabarma. Ta biyun ita ce ƙafa ba ta shiga bayi ba silifa, domin inda ka taka nan fuskar wani za ta kwanta. Tabarmar ba ta kaba ba ce, katifu ne na roba mai tauri da ake jerawa.

Za a jeru, masu manyan ɗamara (launin ɗamarar da ake ɗaurawa a kan gi ne ke nuna matsayin mutum) a gefe guda, sababbi a ƙarshen layi. Daga nan sai ɗumama jiki: ɗan gudu, mirginawa gaba da baya, sai wasu motsi da ba ka taɓa yi ba. Akwai wanda ake kira jatan lande, inda za ka kwanta ka tokare ƙafa ka tura ƙugu baya kana lanƙwashewa. Akwai gada, wato ɗaga ƙugu sama daga kwance. Za ka ga kamar wasan yara ne, kuma za ka rikice, hagu ta zama dama. Riƙe su da kyau, don duk kuɓuta daga ƙarƙashin mutum daga biyun nan take fitowa. Sai koyon faɗuwa: haɓa a ƙirji, bayanka a lanƙwashe, ka mari tabarma da tafin hannu, kada ka tokare da miƙaƙƙen hannu. A ganina ko wannan kaɗai mutum ya koya ya ci riba, a garin da ake hawa okada kuma gefen kwata ke santsi duk damina.

Bayan haka koci zai nuna dabarar ranar sau uku ko huɗu, a raba ku biyu-biyu ku yi ta maimaitawa a hankali, abokinka ba ya turjewa. A nan za ka fara jin sunayen wurare. Gadi shi ne kana kwance ka sa ƙafafunka tsakaninka da mutum ko ka naɗe masa ƙugu da su. Akwai dannewa ta gefe, ƙirji a kan ƙirji. Akwai hawan ruwan ciki, wanda kowane ɗan zango ya sani tun faɗan makarantar allo. Akwai kama baya, ka manne wa mutum kamar goyo, dugaduganka a cinyoyinsa, kuma nan ne wuri mafi haɗari gare shi. A gasa kaye maki 2 ne, wuce gadi 3, hawan ruwan ciki ko kama baya 4.

Kashi na ƙarshe shi ne rolin, kokawar gwaji, yawanci zagaye na minti biyar-biyar. Kafin a fara ana tafa hannu a haɗa dunƙule. Gaba ɗaya darasin awa ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, a tashi da musabaha da kowa.

Na ji ana maganar "taf". Wai sai mutum ya yarda an fi ƙarfinsa a gaban jama'a?

Ƙanena, in za ka manta da duk abin da na rubuta, kada ka manta da wannan. Taf shi ne ka bubbuga jikin abokin wasanka da tafin hannu sau biyu ko uku, alamar ya sake ka. A jikinsa ake yi, don in tabarma ka buga bai zama lallai ya ji ba. In hannunka a kulle yake ka buga ƙafa a ƙasa, ko ka ɗaga murya ka ce "taf". Shi kuma wajibi ne ya saki nan take, ba sai ya ga dama ba. Kan wannan alkawarin aka gina wasan gaba ɗaya. Ka ba mutum wuyanka da gwiwar hannunka amana, shi ma ya ba ka nasa.

Matsalarmu ita ce an rene mu a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo. A unguwa in aka murɗe maka hannu ka yi ƙara, ka shiga bakin yara har shekara. Da wannan tunanin na shiga. A watana na huɗu wani yaro da na girme shi da shekara goma ya kama mini hannu tsakanin cinyoyinsa, ya fara ɗaga ƙugu a hankali yana jira in buga. Na ji gwiwar hannuna ta miƙe, na san lokaci ya yi, amma zuciya ta ce kada ka yarda wa wannan yaron. Na fizga da ƙarfi, sai na ji ƙas. Laifin ba nasa ba ne, har kuka ya yi. Saura mako uku Sallah Ƙarama, shago cike da shaddojin mutane, ni kuwa almakashi ma ba na iya riƙewa. Na mayar da ɗinki da kuɗin kafin alƙalami, wasu masu ɗinkin ba su dawo ba har yau. Abin da zai ƙare da bugu biyu ya cinye mini kakar ɗinki guda.

Tun daga nan na gane cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka buga tun kana jin matsi, kada ka jira zafi, domin zafi a gaɓa yana nufin ɓarna ta fara. In ba ka gane abin da ake maka ba, buga. In nauyi ya hana ka numfashi ka ji tsoro ya taso, buga. A watannin farko za ka yi sau goma a dare ɗaya, ba kuma mai ƙirga maka. Mai baƙar ɗamara ma dubbai ya yi kafin ya kai inda yake, har gobe kuma yana yi.

Shaƙar fa? Ba a mutuwa?

Yawancin shaƙar wasan nan ba maƙogwaro take nema ba, jijiyoyin jini biyu na gefen wuya take matsewa, masu kai jini ƙwaƙwalwa. In ta kama da kyau mutum yana iya suma cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Alamarta ita ce kai ya yi nauyi, gani ya fara duhu daga gefe. Da ka ji ta zauna, buga. Wanda ya suma aka sake shi nan take yakan farfaɗo cikin 'yan daƙiƙu, haɗarin yana ga ci gaba da riƙewa. Saboda haka kada ka kuskura ka gwada wa ƙanenka a gida ko aboki a majalisa. Wanda ya suma kuma ya tuna alwalarsa ta warware.

Za su haɗa ni da wani ƙato ya tumurmushe ni a ranar farko?

A wuri mai tsari, a'a. Wasu kociyoyin ba sa barin sabo ya yi rolin sai ya yi makonni, wasu su haɗa shi da tsohon hannu. In an ba ka zaɓi, ɗauki mai babbar ɗamara. Shi ya san yadda zai danne ka ba tare da ya ji maka ba. Wanda ya fi haɗari shi ne sabo irinka mai ƙarfi da tsoro, gwiwa nan, kai can. Kai ma kada ka zama shi: ba a kama yatsa ɗaya a murɗe, ba a sa hannu a ido ko baki, ba a ɗaga mutum a maka shi da ƙasa. Kana kuma da damar cewa "yau kallo zan yi". Abin da nake so sabo ya yi a zagayensa na farko abu biyu ne kacal: ya yi numfashi, ya manne gwiwoyin hannunsa a jikinsa.

Malam, na ga suna rusunawa kafin su hau tabarma. Musulmi zai yi?

Al'adar Japan ce da ta biyo wasan, kuma ba ko'ina ake yi ba. Hukuncinta na malamai ne, a tambaye su. Ni dai tun farko na gaya wa koci cewa ba na sunkuya wa kowa, zan dafa ƙirji in gaisa, ya ce ba komai, kuma haka nake yi har yau. A faɗa tun kafin darasi, cikin ladabi, ba a tsakiyar layi ba. Ita kokawar kanta ba baƙuwa ba ce a wajenmu, kowa ya ji labarin yadda Manzon Allah (SAW) ya kayar da Rukana. A Abu Dhabi ma jiyu-jitsu darasi ne a makarantun gwamnati, kuma can aka fara babbar gasar kokawar miƙa wuya ta ADCC a 1998.

Ɗana, 'yata ce ta matsa tana so. Wasa ne na mata? Da maza za ta riƙa cakuɗuwa?

Hajiya, gara in faɗa miki gaskiya. A yawancin azuzuwa maza da mata tare suke, kuma wasa ne na haɗa jiki sosai. Amma ba a tilasta wa kowa abokin wasa. Tana da damar cewa da mata kawai za ta yi, kamar yadda ni ma nake da damar cewa da maza kawai. Ki je da kanki ranar farko ki zauna ki gani. Ki tambayi koci mata nawa ne ke zuwa a kai a kai, ko akwai ajin mata zalla, ko akwai ɗakin canza kaya mai ƙofa. In mace ɗaya ce tal a wurin, a nemo mata ƙawa ko 'yar'uwa su fara tare, sai su zama abokan wasan juna. In kuma koci ya ɓata rai don an ce ba za ta yi da maza ba, ku ɗauki jakarku.

Sutura ba matsala ba ce. Gi yana rufe jiki, a sa riga mai dogon hannu da dogon wando mai ɗamewa a ciki. Ɗankwalin ya zama irin na roba mai zama da kansa, ba fil, ba allura, ba jela mai tsawo da za ta naɗe wuya. Dokokin manyan gasa ma sun yarda da irinsa. Kitso kuma kada a sa masa duwatsu. Amfanin da nake gani ga 'ya mace shi ne, wasan yana koyar da abin da ake yi in wanda ya fi ka nauyi ya danne ka a ƙasa: yadda za ka kare wuya, ka buɗe sarari, ka miƙe.

Sallar magariba da azumi fa?

A Ankara magariba tana faɗuwa ne wajen ƙarfe shida duk shekara, azuzuwan yamma kuma nan kusa suke farawa. Ni nakan tashi shago da alwala, in isa da wuri in yi sallata a gefe kafin a jeru. In ta riske mu a tsakiya in nemi izini in fita, minti biyar ne. Da azumi ba na ba sabo shawarar ya fara da rana, gumin da ake yi a cikin gi ya wuce wasa. Ko a bari sai bayan tarawi in akwai aji, ko a jira bayan Sallah. Tsofaffin hannu sukan zo su maimaita dabara a hankali, ba rolin.

In ci abinci kafin in zo?

Kada ka zo da wake da shinkafa ko tuwon zafi a ciki, gwiwar mutum za ta zauna maka a tumbi. Abinci mai nauyi ya kasance awa uku kafin darasi. In yunwa ta matsa, ayaba ko ɗan koko sun isa. Ruwa kuma tun safe ake fara sha.

An ce ana ɗaukar cutar fata.

Ana ɗauka, musamman makero da maruru, kuma zafi da damshin garin nan suna taimaka musu. Wanka da sabulu da an tashi, ba sai an gama hira ba. Gi da ɗamara a wanke duk bayan darasi, kada a bar su kwana a jaka. Da damina rigar takan kwana biyu ba ta bushe ba, shi ya sa mai zuwa a kai a kai yake buƙatar biyu. Da hunturu kuma faso ke buɗe ƙafa, a shafa man kaɗe da daddare, ba dab da darasi ba, don yana sa tabarma santsi. In ka ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi ko ƙurji mai ruwa, zauna gida ka nemi magani har ya warke. Rufe shi da filasta ka zo cin amanar mutane ne.

Ina da sikila. Abokina kuma hawan jini.

Ku fara da likita kafin koci. Ga mai sikila, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani suna tayar da ciwo, kuma duka biyun suna nan a tabarma. Akwai asibitin masu sikila a Korle Bu. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko farfaɗiya shi ma sai da izinin likita, saboda shaƙa da yunƙuri. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa a bakin tabarma. Wanda ya tashi daga zazzaɓin sauro ya bari ƙarfinsa ya dawo.

Na yi kokawa a gida kafin in zo Ankara. Zai taimaka?

Sosai. 'Yan kokawar da suka zo mana daga arewa da Nijar suna da ƙugu da tsayuwar da sai mun shekara ba mu samu ba, kayar da su aiki ne. Inda ake kama su shi ne bayan kayen: sukan miƙa wuya gaba, in kuma suka faɗi sai su juya baya su yi rub da ciki. A nan kuwa juya baya kyauta ce ka ba mai shaƙa.

Yaushe zan samu baƙar ɗamara?

Ga manya guda biyar ne: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, baƙa, kuma akan liƙa zane har huɗu a kan kowace kafin a haye ta gaba. Ba a ba da shuɗiya sai mutum ya kai shekara 16, yara suna da nasu launukan. Shuɗiya takan ci shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, baƙa kuwa shekara goma ne abin da aka saba gani. Ba a roƙon ɗamara, koci ke bayarwa in ya ga ta dace. Wanda ya ce zai ba ka baƙa cikin shekara biyu, kuɗinka yake so.

Zai yi mini amfani in faɗa ya tashi a titi?

Zai yi, in mutum ɗaya ne ba makami: za ka iya riƙe shi har ya huce ba tare da ka fasa masa baki ba. Amma titi ba tabarma ba ne. Akwai kwalba, akwai wuƙa, akwai abokansa, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kana danne ɗaya wani zai sauke maka dutse a ƙeya. In da hanya, gudu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗibar majiya ƙarfin zango lokacin zaɓe a mai da su karnukan farauta, a ba su abin da bai kai kuɗin asibiti ba. Tun 2019 akwai dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan dabar siyasa a Gana. In da wannan niyyar za ka zo, ni ba zan riƙe maka kwala in koya maka ba.

Ta yaya zan gane wuri mai kyau, kuma me zan tambaya game da kuɗi?

Gani ya kori ji. Je ka zauna ka kalli darasi guda. Duba ko ana goge tabarma, ko ana saki da an buga, ko koci yana zagayawa yana gyara ko yana kan wayarsa. Tambaye shi wa ya ɗaura masa ɗamararsa, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Wajen kuɗi, tambayi ko darasin gwaji kyauta ne, ko ana biya kullum ko wata-wata, ko akwai aron gi. Ka haɗa da kuɗin motar trotro da cunkoson yamma a lissafinka, domin wuri mai nisa shi ake fara yi wa fashi. Kada ka biya na wata shida kafin ka yi mako biyu.

Na je jiya. Yau ko'ina ciwo, har wuyana. Lafiya kuwa?

Sannu, ƙanena. Lafiya lau. Gobe ma sai ya fi haka, daga jibi ya fara sauka. Wuya, haƙarƙari, yatsu da cinyoyi su suka fi kuka, za ka kuma ga ɓawon fata ya saɓule a bayan yatsun ƙafa da shatar riƙo a damtse. Ruwan ɗumi, barci da ɗan tattaki sun isa. Wanda ba na lafiya ba shi ne gaɓa ta kumbura, ko ka kasa taka ƙafa, ko hannu ya riƙa mutuwa daga wuya, ko ciwon kai da amai bayan ka bugu. Wannan asibiti za a je, kada a fara kai shi wajen mai ɗori. Kunne ma in ya kumbura ya yi taushi kamar da ruwa a ciki, a je a zuƙe cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ya daskare. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, huta kwana biyu ka dawo. Sau biyu a mako ya ishe ka a watan farko. Wanke rigar yau, don ta bushe kafin darasi na gaba.